Kwalabe Biyu a Aljihun Farar Riga

Ni mahaifiyarku nake rubuta wannan da hannuna, cikin hankalina, ba zafin ciwo ne yake magana ba. Na ga takardar gwajina. Likita yana ta kewaye-kewaye, ya manta shekara talatin da ɗaya na yi a ɗakin gwaji ina fitar da irin waɗannan takardu. Na san abin da lambobin suka ce. Ku zauna ku uku ku karanta tare, kada wani ya karanta wa wani ta waya.

1. Gado ba ni zan raba ba, a bi yadda Allah ya tsara. Roƙona ɗaya, kada a sayar da gidan nan sai Auta ta gama karatu. Babba, makulli yana hannunka, amma makulli ba sarauta ba ne.

2. Tela, keken ɗinkin da kika ara shekara shida ke nan, ni da ke mun san ba dawowa zai yi ba. Na ba ki tun ina da rai. Ki daina sosa ƙeya in an ambace shi.

3. Auta, naki ne mai nauyi. Ranar da kika ce za ki koyi aikin ɗakin gwaji na yi tsalle na dire na ce ban yarda ba, kuma ban ba ki dalili ba. Kika shiga duk da haka, kika koma gidan Tela. Yanzu Tela ta gaya mini kin ce in na mutu ban sa wa karatun albarka ba, za ki ajiye shi. Kada ki ajiye. Ga dalilin da na ɓoye, ko mahaifinku har ya rasu bai ji shi ba.

Ina watan ƙarshe na koyon aiki, saura sa hannu ɗaya shugabar ɗakin ta yi a littafina a ɗauke ni. Mace ce da ba ta da wasa. Dokarta ta farko, ba a ɗagawa daga gaban mara lafiya sai an rubuta sunansa a jikin kwalbar jininsa. Wata safiya aka tura ni ɗakin masu ciki in ɗebi jinin mata biyu, gadonsu na kusa da juna, don a gwada rukuninsu ko za a bukaci ƙarin jini. Birona ya ƙi rubutu. Maimakon in ara wajen nas, sai na yi dabara: ta kusa da taga a aljihun dama, ɗayar a hagu, in na koma sai in rubuta.

A hanya wani tsoho ya yanke jiki ya faɗi, na durƙusa muka ɗaga shi. Na ciro kwalaben don kada su fashe, na riƙe su a hannu ɗaya. Da na isa teburina sai na kasa gane wacce ce ta wa. Kwalabe biyu iri ɗaya, jini iri ɗaya a ido.

Abin da ya kamata in yi bai fi minti biyar ba. In ce ban tabbata ba, in koma in sake sukar su, in sha faɗa. Na dubi shugaba, na tuna littafina. Na ce wa raina ai na tuna wacce ce wacce, na rubuta sunayen.

Bayan kwana biyu ta kusa da taga ta haihu, jini ya ɓalle mata, aka ƙara mata jini leda biyu da aka gwada da kwalbar da na rubuta. Ba ta kai la'asar ba. A fayil aka rubuta zubar jini, kuma yana yiwuwa shi ne. Ban sani ba, Auta. Shekara talatin da huɗu ke nan ban sani ba. A makon aka sa mini hannu, shugaba har tana yaba tsabtar aikina.

Matar nan, lokacin da nake neman jijiyarta, ta kau da kai tana dariya, ta ce ita da za ta haihu wai allura take tsoro. Na ce mata hannuna ba ya zafi. Tun daga ranar, duk macen da ta miƙo mini hannu ta kau da kai, fuskarta nake gani. Kun sha yi mini tsiya don ina rubuta suna a kan kowane kofi da kowace roba a gidan nan. To, yanzu kun ji.

Ba raina ki na yi ba. Na ga saurin hannunki, na ga yadda kike jin kunyar a ce kin yi kuskure, sai na ga kaina. Tsoro ne ya sa na tare miki hanya, kuma ban kyauta ba.

4. Na sa wa karatunki albarka. Farar rigata da littattafaina naki ne tun yau. Ki riƙa yawo da biro biyu. Ki rubuta suna mai jinin yana kallon ki, ki karanta masa ya amsa. In shakka ta shige ki ko yaya take, zubar da kwalbar ki koma. Za a yi miki tsawa, wani zai zage ki don kin soke shi sau biyu. Ki shanye. Wanda ya zage ki da ƙafarsa zai koma gida.

5. Babba, don ka bi bayana ka daina amsa gaisuwar ƙanwarka Auta wata tara. Laifina ne, na ɗauke maka. Kai da kanka za ka je ka ɗauko kayanta, ba aike ba, kuma ka saki fuskar nan. Ranar da za ta karɓi takardar shaida, kai za ka zauna a kujerata.

Allah ya yi muku albarka, ya haɗa kanku, ya ba ku 'ya'yan da za su ji ƙanku. Kada ku bari sati ya wuce ba ku ga juna ba. Na yafe muku, ku yafe mini.

Saura abu ɗaya. Jaririyar matar nan da ta rasu ta rayu, na ga an fita da ita a zanin goyo, ban taɓa samun ƙarfin zuciyar neman ta ba. Sa'ar Babba ce. Sunan uwar da na mijinta suna bayan takardar nan. Ku nemi 'yar, ku karanta mata abin da na rubuta a lamba ta uku yadda yake, kada ku gyara mini ko kalma ɗaya. In ta yafe, ku zo kabarina ku yi mini addu'a. In ba ta yafe ba, kada wanda ya ga laifinta.