Ƙorafi Kan Jinkirin Kwamfutar Sashen Ambaliya

Daga: Dakta Zlatka Mincheva,
Shugabar Sashen Hasashen Ambaliya,
Cibiyar Nazarin Koguna ta Gornitsa, Bulgeriya.

Zuwa ga: Mai girma Darakta, Farfesa Boyan Draganov.

Litinin, 24 ga Maris, 2025.

Game da: jinkirin tashin manhajar hasashen ambaliya, da takardar tuhumar da aka ba ni a kansa.

Yallaɓai,

Bayan gaisuwa tare da girmamawa, ina roƙon ka duba wannan ƙorafi da kanka, kada a miƙa shi ga sashen kwamfuta kamar yadda aka saba, domin a kan sashen ne nake kuka.

1. A watan Satumban bara, shugaban sashen kwamfuta, Injiniya Kosta Yanev, ya sauya mana tsohuwar manhajarmu da wata da aka rubuta da sabon harshen lissafi. A gabanka ya ce saurinta ya ninka na da. Bai yi ƙarya ba, idan ta riga ta tashi. Abin da bai faɗa ba shi ne, duk lokacin da aka kunna ta sai ta zauna ta fassara kanta zuwa yaren da na'ura ke ganewa, wato abin da suke kira harhaɗawa, kuma kafin ta gama ba ta ba ka ko lamba ɗaya. A ofishinmu wannan jira yana cin kusan awa guda. Lissafin kansa bai kai minti biyu ba.

2. Na kai kuka wurin Injiniya Yanev tun a watan Oktoba. Bai ko ɗago kai daga wayarsa ba ya ce, "Haba Dakta, ki sauka ki sha kofi mana, kafin ki dawo ta farka. Kogin ba guduwa zai yi ba." Na shaida masa cewa gudu shi ne kaɗai aikin kogi. Ya yi dariya, yaransa suka taya shi. Na bar maganar, don na ɗauka haka halin harshen yake ga kowa.

3. Ashe ba haka ba ne. Ranar 4 ga Fabrairu na hau sashen nazarin dusar ƙanƙara aron taswira, na tarar da shugabansu, Dakta Milen Gospodinov, yana kunna tasa na'urar. Harshe ɗaya, manhaja kusan ɗaya. Kafin ya rataye kwat ɗinsa zanen sakamako ya fito. Na tambaye shi sirrin, ya ce, "Wa ya sani, ƙila tawa ta fi son mai ita." Daga baya na karanta, na gane cewa ana iya adana abin da aka riga aka harhaɗa don kada a maimaita shi kullum. An yi wa sashensa haka. Tamu na'urar kuwa an saita ta yadda duk yamma take goge abin da ta adana, wai don tsabtace na'ura. Na nemi a nuna mini umarnin a rubuce, har yau ana nema.

4. Ba na zargin kowa, Yallaɓai. Ina dai jera abin da kowa ya sani. Matar Injiniya Yanev ƙanwar Dakta Gospodinov ce. Gonar inabinsu ɗaya ce, kuma duk ƙarshen mako suna can tare. An daɗe ana raɗe-raɗin za a haɗe sassanmu biyu a bana a ƙarƙashin shugaba ɗaya. Kuma tun Satumba, duk rahoton da ya fito daga sashen kwamfuta sai ya ambaci cewa sashena ne ke makara. Mai yiwuwa duk wannan dacewa ce kawai. Ni dai shekaruna a aikin lissafi ba su taɓa nuna mini dacewa mai yawa haka ba.

5. Ranar Alhamis 13 ga Maris, da safe, aka tafka ruwa a kan tsaunuka, a bisa ƙanƙarar da ta fara narkewa. Ma'aunin da ke saman kogi ya nuna ruwa yana hawa. Na kunna na'ura, ta shiga harhaɗawa. Dokar cibiya, wadda kai ka sa wa hannu, ta hana ni fitar da gargaɗi ba tare da sakamakon lissafi ba. Na buga wa Injiniya Yanev, aka ce yana taro. Na zauna ina kallon allo, hannuna a kan waya, ina sane da cewa motar 'yan makaranta tana bin gadar ƙauyen Vrabnik da hantsi. Ban taɓa jin na tsani wani abu kamar yadda na tsani wannan ɗan layin da ke rarrafe a allo ba. Da sakamako ya fito na kira magajin garin Vrabnik, Malam Stoyko Ralev. Ya ce, "Dakta, ruwan da kike ce min yana zuwa, ga ni tsaye a cikinsa har gwiwa. Ko akwai wani a baya?" Motar yara ta tsira, don direban ya ga launin ruwan ya ƙi hawa gadar. Amma tumakin wani makiyayi sun tafi, gidajen bakin kogi sun cika da laka, kuma wata tsohuwa, Nevena Ilieva, ta karya ƙugu tana ƙoƙarin fitar da mijinta marar lafiya. Tana asibiti har yanzu. Na je na gaishe ta. Ta riƙe hannuna ta ce, "'Yata, ai mun ɗauka kuna kallon mana kogin."

6. Ranar 18 ga Maris aka ba ni takardar tuhuma kan sakaci. A ciki akwai bayanin Injiniya Yanev cewa ya gwada na'urata ta tashi nan take. Ya gwada ta ne da rana, bayan na riga na kunna ta ta gama harhaɗawa, kuma ya san bambancin fiye da ni. Abin da ya ƙara ɗaure mini kai, tun washegarin ambaliyar na'urar ta daina goge abin da ta adana. Ban roƙa ba, ba a sanar da ni ba. Gyaran da nake nema tun Oktoba ya yiwu a yini ɗaya.

Saboda haka ina roƙon Mai girma Darakta, cikin ladabi, da ya sa wani masani daga wajen cibiya ya bincika wanda ya saita gogewar, da wanda ya cire ta, da ranar da aka yi kowanne, kafin a sake taɓa na'urar. Ina roƙon a dakatar da tuhumata har sai binciken ya kammala. Ina kuma roƙon a sassauta dokar nan, ta yadda mai aiki zai iya ɗaga waya ya yi gargaɗi idan idonsa ya ga abin da na'ura ba ta gama gani ba, domin ƙanƙara ba ta gama narkewa ba.

Roƙona na ƙarshe shi ne wannan. Mutanen Vrabnik sun kira taro ranar Asabar 29 ga wata, sun nemi in zo in yi musu bayani. Zan je. Ina neman a umarci Injiniya Yanev ya raka ni, ya tsaya kusa da ni a gaban 'ya'yan Nevena Ilieva, ya maimaita musu da bakinsa cewa na'urar tana tashi nan take. Idan ya iya, ni da hannuna zan rubuta takardar ajiye aiki.

Ina mai jiran umarninka cikin biyayya da girmamawa.

Taka mai biyayya,

Dakta Zlatka Mincheva