Takardar Jami'a a Hannun Baba

Laraba da dare, garin Ƙofa.

Yau na gaya wa Baba gaskiya: jami'ar gwamnati ta wata jiha na cike, ba ta nan ba. Ya ajiye buta ya ce, "Ta gida ta yi miki kaɗan ne, Rabi?"

Na ce, "A'a Baba, can ɗalibi da hannunsa yake taɓa kayan gwaji. Yaya Sani shekararsa uku a nan, a allo kawai yake ganinsu."

Ko tuwo bai ci ba. Ɗazu ya aiko Inna ta karɓi takardar da na cike, alhali ba ya karanta boko. Allah ya sa hedimasta zai kai wa, ba Kawu Bala ba, wanda ko Kano bai bar 'yarsa ta je ba.