Kaskon Kawu Foo Ya Sha Wanki Bakwai

Zuwa ga ƙanina Baharom,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali, Allah Ya ƙara rufa asiri. Mu nan Taiping alhamdu lillahi, Inna ta samu sauƙin ƙafar, Baba kuwa yana nan da rigimarsa. Labarinsa ma ya sa na ɗauki alƙalami.

Ka dai san Kawu Foo, Basinen nan mai shagon gahawa na bakin kasuwa. Shekara arba'in Baba na zuwa dara wurinsa da fulas ɗin shayinsa a hammata, bai taɓa kurɓar ko ɗigo a shagon ba don gudun haram, sai shaƙar ƙamshi. To, bayan Baba ya yi jinyar nan, sai Kawu Foo ya rantse zai nemi takardar halal, wai ba zai yarda ɗayansu ya mutu ba tare da wannan tsohon mai taurin kai ya ɗanɗana gahawarsa ba.

Jami'an da ke ba da takardar suka zo, suka duba bota, sukari, har tsumman tace gahawa, komai lafiya. Sai suka iso kan baƙin kaskon da ake soya 'ya'yan gahawa. Ashe mahaifin Kawu Foo da man alade yake suyar! Shi Kawu Foo ya daina tun tuni, amma kaskon bai ga ruwa ba tun kafin a haife ka, wai a baƙin nan daɗin yake. Suka ce sai an wanke sau bakwai, ɗaya da ƙasa. Wallahi Baharom, bawan Allah nan sai da ya nemi kujera. Ya ce su wanke shi, shi da kansa, ko sau goma ne, amma su bar masa kaskon ubansa.

Kwana uku bai buɗe shago ba. Ran na huɗu ya aiko wai ya yarda, har ya sayo ƙasa mafi tsada don girmama kasko. Muka je, ashe ƙasar shuka furanni ce, cike da takin kaji! Baba ya yi dariya har da tari, ya ce an zo gyaran gira za a rasa ido. Shi ya haƙo ƙasa mai tsabta a bayan gidanmu, ya naɗe zani, ya wanke da hannunsa, Kawu Foo na tsaye yana ƙirgawa da ƙarfi kada a ƙara na takwas.

Ranar da aka liƙa takardar, shagon ya cika da mutanenmu. Kawu Foo ya kawo wa Baba kofin gahawa da kansa. Baba ya kurɓa, ya yamutsa fuska, ya ce ashe wannan ɗacin aka shekara arba'in ana yi masa yanga da shi. Kawu Foo ya ce ai ɓarawon daɗin ne ke magana, shi ya kankare shi da ƙasa. Suna ta zagin juna, amma na ga duk su biyun suna goge ido. Ni ma sai da na yi ƙwalla.

Washegari na shiga ɗakin girki, sai ga fulas ɗin Baba a kan tebur. Na ɗauka na bi Baba da gudu har ƙofa, ya ɗaga mini hannu, wai in bai wa Inna ta riƙa zuba ruwan zafi.

Ka gai da matarka Salmiah da ɗiyarku Nurin. Inna da Goggo Zaleha suna gaishe ka. Allah Ya sada mu da alheri.

Yayarka,
Norlela