Mary Ta Ƙi Barci a Makera

Makera, 23 ga Fabrairu, 2000

Maman Mary,

Ina gaisuwa, ya muka ji da wannan tashin hankali? Malam Tanko direban tankar ruwa ya ce kina Sabon Tasha gidan yayarki, shi na ba takardar nan. Mary lafiyarta lau tun da kika bar min ita ranar Litinin za ki masaƙa. Na sa mata hijabin 'yata Bilkisu, na ce wa maƙwabta 'yar ƙanwata ce.

Lokacin kwanciya ne damuwata. Da ta ji harbi sai ta durƙusa ta kama addu'arku da ƙarfi, kin dai san bangon gidan haya. Jiya wani mutum ya leƙo ya ce, "Wa ke kiran Yesu a gidan nan?" Na ce rediyo ne. Don Allah me kike mata ta yi barci?

Taki,
Maimuna

Sabon Tasha, 24 ga Fabrairu

Maman Bilkisu,

Allah ya saka miki. Sau uku na karanta takardarki ina kuka.

Ki yi mata wanka da ruwan ɗumi. Fitila ki rage, kada ki kashe. Ga zanena, ki lulluɓa mata. Addu'ar kada ki hana ta, ki ce ta raɗa miki a kunne. Babanta kan ɗora ta a ƙirji yana bubbuga bayanta har jikinta ya saki. Tun Litinin da ya fita da babur bai dawo ba. In ta tambaya, ki ce yana wurin aiki.

Ki gaida maigida,
Judith

Makera, 25 ga Fabrairu

Maman Mary,

Barka da war haka. Ta yi barci, a ƙirjin Baban Bilkisu, da zanenki a hannu. Ta raɗa min addu'ar, har sunana ta sa, na ce amin.

Amma mutumin nan ya dawo, su biyu, suna tambayar sunan ƙanwar tawa. Maigida a bakin ƙofa ya kwana. Gobe sojoji za su raka mutane Sabon Tasha. In kawo ta?

Taki,
Maimuna

Sabon Tasha, 25 ga Fabrairu

Maman Bilkisu,

Ki kawo ta, ina jiran ku a bakin titi. An samu gawar mijina Albert ɗazu a Gonin Gora. Jibi za mu kai shi ƙauye a binne.

Yau dai ki bar ta ta yi barcinta. Ni zan gaya mata da bakina.

Na gode,
Judith