Ledar Biskit

Litinin, 5 ga Mayu

Shugaba ta kira ni ofis. Wai zangon nan kowane aji zai yi darasin muhalli: rage shara, sake amfani da abu, kula da ƙasar da muke takawa. Tana magana tana jera takardun da ba su hargitse ba, don kada mu haɗa ido. "In zai yi miki nauyi, Malama, sai in ba wani."

Na ce ba komai. Me zan ce? Kowa ya san babban kwalbatin bakin kasuwa ne ya ci yarona bara, ranar da shara ta toshe shi ruwa ya hau titi. Shekararsa biyar. Da yana nan, da a ajin nan nawa yake, aji ɗaya, a bencin gaba.

Laraba, 7 ga Mayu

Na tambaye su ina shara ke zuwa in mun zubar. Suka ce bola. Daga bola fa? Wani ya ce awaki su cinye. Sai Aku ta ɗaga hannu, yarinyar da bakinta ba ya hutawa, wadda suka yi benci ɗaya da yarona a nazare. Wai kakarta ba ta yar da komai, har gwangwanin madarar da ya girmi babanta yana nan. Aji ya kwashe da dariya. Na tsaya da alli a hannu ina jira su gama.

Juma'a, 9 ga Mayu

Maigida ya dawo daga gareji, ya ci abinci, ya kunna rediyo. "Sannu." "Yauwa." Hirarmu ke nan ta yau.

Talata, 13 ga Mayu

Mun yanka robobin ruwa mun shuka wake, kowa da tasa a kan taga. Da zan dawo na ga wata mai shago tana juye kwandon leda a kwata, hankalinta kwance. Na tsaya ina kallonta har ta ce, "Lafiya, baiwar Allah?" Na wuce.

Alhamis, 15 ga Mayu

Bayan hutun tara na fito na tarar da ledojin alewa da na biskit a kwatar tsakar makaranta. 'Yan ajina ne. Ban san sanda muryata ta tashi ba. Na ce kowace leda da aka jefa a kwata ita ke toshe ruwa, ruwan ya ci mutum. Na ce hannun da ya jefa shi ya yi kisa. Haka na faɗa, ga yara 'yan shekara shida.

Suka tsince komai, har da ganyen da iska ta kaɗo. Shugaba ta wuce ta yaba, wai darasi ya shiga.

Litinin, 19 ga Mayu

Aku ba ta zo ba. Ajin ya yi shiru da yawa.

Laraba, 21 ga Mayu

Yau ma. Wakenta ya tsiro, ni na ba shi ruwa.

Asabar, 24 ga Mayu

Uwar Aku ta zo gida da hantsi, mai ɗinki ce, da zare manne a gyalenta. Ta ƙi shan ruwan da na kawo. Ta ce yarinya ba ta cin abinci, ta koma fitsarin kwance, kuma duk ledar da ta gani sai ta cusa ƙarƙashin matashi. Jiya da ƙyar ta faɗa. Wai ranar ruwan nan sun raba biskit da yarona a hanya, ita ta jefa ledar a kwata. Wai ita ta kashe shi, Malama ma ta faɗa.

"Ba ƙara na kawo ba," in ji matar. "Uwa ce ni kamar ke. Amma bakin da ya ɗaure ta shi zai kwance ta."

Maigida na ɗaki, na san ya ji. Bai fito ba.

Lahadi, 25 ga Mayu

Na je. Tana ganina ta shige ƙarƙashin keken ɗinki ta ƙanƙame ƙafarsa. Ta rame, sai ido. Na zauna a ƙasa cikin ƙyallaye.

"Malama, 'yan sanda za su zo?"

Na ce babu mai zuwa. Na ce ledarta ɗaya ba ta isa ta tare ko ruwan buta ba. Sharar manya ce, ta unguwa guda, ta shekara da shekaru. Na ce fushi ne ya sa na faɗi abin da ba haka yake ba, ta yafe mini.

"Har da sharar gidanku?"

"Har da tamu."

Ta daɗe tana wasa da wani maɓalli. Can ta ce, "Shi ya ba ni rabin da ya fi girma." Daga nan baki ya buɗe. Wai ya ce in ya girma direban motar shara zai zama, saboda hon ɗinta ya fi na kowace mota ƙara, ita kuma za ta zauna a gaba. Ban taɓa sanin wannan ba. Ni da na ɗauka na gama ƙirga duk abin da ya bar mini.

Na yi kuka a gaban 'yar mutane. Ta fito ta share mini da bakin rigarta, tana cewa in yi haƙuri.

Da na gaya wa Maigida, ya ce, "Motar shara?" Ya yi wata dariya gajera, sannan ya fita wai zai wanke fuska. Ya daɗe.

Alhamis, 29 ga Mayu

Aku ta dawo. Na ajiye zancen ruwa da mutuwa. Mun yi motoci da gwangwani da murafen kwalba, ƙarfen taya kuwa Maigida ne ya yanko mana a gareji ba tare da na roƙa ba. Na ce musu abin da aka yar ma yana da sauran rai, in an dube shi da kyau. Wani ya tambaya ko ƙasa tana jin zafi in an ƙona roba a kanta. Na ce ban sani ba, amma mu muna ji a ƙirji.

Sun yi ta tsere har ƙararrawa. Kaina ya yi ciwo da hayaniya. Ban hana su ba.

Talata, 3 ga Yuni

Ruwan farko, daidai tashi. Uwar Aku ba ta zo ba, lema kuma ɗaya ce, sai na raka ta. Hanyar gidansu ta kan kwalbatin take. Tun bara ban bi ta nan ba, zagaye nake yi ta bayan asibiti.

Ta riƙe hannuna gam, tana ba ni labarin kyanwar maƙwabtansu da ta haihu a cikin tukunya. Ruwa na wucewa a ƙasanmu, ina jin ƙararsa a cikin ƙafafuna. Ban duba ba. Sai da muka kai ƙofarsu na lura ashe ni ce na riƙe ta gam, har yatsunta sun yi ja.

Na dawo ta nan ɗin dai, ni kaɗai. Hanyar ta fi kusa ne kawai.