Tsuken Wandon Ikko

Yaya Bitrus,

Gaisuwa mai yawa. Ina gajiya, yaya aiki, yaya maiɗakinka da yara? Mu nan Funtuwa lafiya lau.

Tsuken wandon yayin da ka aiko mini ya iso. Ran Lahadi na sa shi zuwa Tsiga gaida iyayen Saratu, wadda nake nema. Ina durƙusawa gaban babanta sai ya ɓarke ta baya. Tsohon bai yi dariya ba, ya ce, "Ɗana, yadin ne bai isa ba?" Da zanen innarta na dawo gida.

Sa ni a addu'a, har yanzu ba su ce komai ba. Gaida kowa.

Wai Yaya, samarin Ikko a tsaye suke gaida surukai?

Ƙaninka,
Iliya