Lomar Hannun Dama

Lyon, 9 ga Maris 2014

Hassia,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ina fata sanyin Sevran ya fara sakin gwiwarki, kuma aikin ɗakin abincin lakwal, ciyar da 'yan makaranta, bai fi ƙarfinki ba. Yaya ɗiyarmu Aïcha da nauyin jiki? Yaya mijinta Salifou? Ki gaida maƙwabta duka.

Ki yi haƙuri da rubutun, na hannun hagu ne. A tarho harshena yana yi mini nauyi, ina ji kina cewa to, to, alhali rabin maganar bai kai gare ki ba. A takarda ko ba kyau za ki karanta.

Kin tambaye ni abin da ya sa na ce ba zan zo suna ba idan Aïcha ta sauka. Na ce miki likita ne. Likita bai hana ni ba, ya ce ma jirgin ƙasa ba zai yi mini kome ba. Maganar ta faranti ce. Ranar suna za a ajiye babban faranti tsakiyar maza, a ce Malam Maazou bismillah, kowa ya jira kaka ya fara sa hannu. Tun ranar da na faɗi a nan Lyon ɓarin jikina ya shanye, hannuna na dama bai kai loma bakina ba. Da hagu nake ci, a ɗaki, ƙofa a rufe. Na san abin da malamai suka ce game da lalura, na karanta kuma na yarda, amma sanin bai rage mini kome ba. Ba zan sa hagu cikin abincin mutane ba, ba kuma na son surukina ya tashi ya ɗauko mini cokali don tausayi. Idan hannun dama ya iya ɗaukar loma kafin ranar, zan zo. Idan bai iya ba, a yi suna lafiya a aiko mini hoto.

Madame Anne, mai koya mana motsa jiki a wannan gidan jinya, ta ba ni abin da zan yi aiki da shi, kuma za ki yi dariya, domin abin wasan yara ne. Sunansa kendama, daga Japan ya fito. Itace ne mai siffar ƙaramar guduma, yana da kwarmi uku kamar bakin ludayi da tsini a ka, ga ƙwallon katako mai rami an ɗaure da zare. Ana cilla ƙwallon sama a tare shi a kwarmi, gwanaye kuma su soke shi a tsini. André, maƙwabcin gadona, tsohon direban bas, ya ce wannan ai bilboquet ne, abin wasan Faransawa na zamanin kakarsa, ya je ƙasar waje ya dawo yana yanga.

Matsalarsa santsi. An shafe shi da fenti mai sheƙi, yatsuna kuma ba su gama rufewa ba. Jiya na cilla ƙwallon, gudumar ta bi shi, suka tafi tare suka kifar da kofin André. Ya ce shekara talatin yana tuƙi ba a taɓa buge shi ba sai da ya kwanta.

Ina tunanin yadda zan gyara shi. Allah ya bar mu tare.

Mijinki,
Maazou

Lyon, 13 ga Afrilu 2014

Hassia,

Salama da gaisuwa. Ina fata kin isa gida lafiya ranar Lahadi, kuma kin samu wurin zama a jirgin RER. Na gode da zuwa, na gode da kayan. Na ga kin rame, kin ce mayafi ne. Ba mayafi ba ne.

Ga labarin kendama, tun da kin ce in riƙa ba ki.

Na fara da kankare fentin. Na samo takarda mai kaushi ta goge katako a ɗakin aikin hannu, na matse gudumar tsakanin gwiwoyina, na yi ta gogewa da hagu har itacen ya fito fari fat. Nan take riƙon ya gyaru, amma farin ya dame ni, sai ka ce ƙashi. Sai na tuna yadda babana yake shafa wa ƙotar fartanya da akushinsa man kaɗe har su yi duhu suna ƙyalli. Na buɗe gwangwanin man da kika kawo mini don ƙafa, na shafe shi tas. Hassia, ya yi kyau ƙwarai, har masu jinya suna tsayawa kallo. Da na ɗauka kuwa sai ya suɓuce kamar tarwaɗa. Na manta hannun babana yana da kanta da ƙarfi, kuma ƙotarsa tana shan ƙasa kullum. Dole na koma kankara, na cire man da na shafa da hannuna.

Daga nan na bi a hankali. Tsohuwar jakata ta jar fatar Maradi da kika zo da ita na yanka ta siriri, muka naɗe mariƙin da ita, bayan fatar mai kaushi a waje. Na ce muka, domin André ne ya taya ni. Shi hagunsa ne ya mutu, ni damata, mu biyu mun haɗa hannayen mutum ɗaya. Shi yana ja, ni ina naɗewa, ƙullin ƙarshe da haƙori na yi. Ya ce idan muka fita mu buɗe shago, a riƙa biyanmu albashin mutum guda.

Ƙaron da kika sayo a kasuwar Château Rouge na jiƙa shi a ruwan ɗumi kamar za a haɗa tawada. Karon farko na yi kauri da yawa, ƙwallon ya kwashe gashin bargo ya zama kamar ɗan tsako. Na wanke, na tsinka shi, na shafa sau ɗaya da yatsa na bari ya bushe. Yanzu idan ɗumin hannu ya taɓa shi yana yin ɗan danƙo, idan ya faɗa kwarmi sai ya zauna, ba ya tsalle ya fice.

Madame Anne ta juya shi ta duba. Ta ce fatar ta yi daidai, domin nan ne hannu yake, in yi masa duk abin da zai sa ya riƙe. Ƙaron kuwa ta ce taimako ne na ɗan lokaci, za mu riƙa rage shi. Na tambaye ta ko ha'inci ne. Ta ce ba jarrabawa nake yi ba.

Na daɗe ina juya wannan amsa. Shekaru na yi a ɗakin labarai ina gyara rubutun wasu, kuma ban taɓa jin kunyar sauƙaƙa wa mai karatu ba, aikina ke nan. Ban san abin da ya sa nake jin nauyin sauƙaƙa wa kaina ba.

Babban kwarmin yana samuwa yanzu, ba kullum ba. Na kuma gano aikin ba na hannu kaɗai ba ne, gwiwa ce take tarbar ƙwallon, sai an ɗan rusuna.

Ki ce wa Aïcha ta daina hawa bene da kaya. Ki ci abinci.

Naki,
Maazou

Lyon, 18 ga Mayu 2014

Hassia,

Ina gaishe ki, ina gaida mai nauyi. Na ji ta dawo gida wajenki goyon ciki, hankalina ya kwanta.

Lallen da kika kawo mini ya yi aiki. Na kwaɓa shi da ruwan lemun tsami, na wanke ƙaron, na naɗe ƙwallon da tsumma sai wata siririyar hanya da na bari kewaye da shi, na cusa lallen a nan ya wuni. Ya fito ja mai duhu, irin na tafin hannunki bayan sati. Da ya bushe na mayar da ƙaron kaɗan. Don ado na yi, amma sai ga wani amfani: idan ƙwallon yana juyawa a sama, layin yana nuna wa ido inda ramin yake. Madame Anne ta ce masu sayarwa ma suna yin irin wannan layi. André ya kawo nasa in yi masa, ya ce yana son irin na amarya.

Wannan shi ne labari mai daɗi. Ga ɗayan.

Ranar Juma'a an ba mu shinkafa da rana. Na rufe ƙofa, na wanke hannu, na gwada da dama. Yatsun sun shiga, sun tara, amma babban yatsa bai san aikinsa ba. Lomar ta watse kafin ta wuce ƙirjina. Na sake, ta sake watsewa. Katako yana tsayawa yadda aka sassaƙa shi, shinkafa kuwa sai hannu ya dunƙula ta, kuma nan ne ban kai ba. Na gaya wa Madame Anne. Ba ta yi mini alkawari ba, ta ce zai zo amma ba ta san yaushe ba. Na fi son haka da a lallashe ni.

Maganar da kika yi a tarho na ji ta duka. Kin ce Aïcha ta yi kuka, ta ce ita ubanta take so a sunan ɗanta ba hannunsa ba. Kin ce kuma ni da nake gyara kuskuren mutane ban ga nawa ba. Ban amsa miki ba, kika ɗauka layi ne ya yanke. Bai yanke ba. Ina nan ina jin ki.

Ki sanar da ni da zarar naƙuda ta fara. Allah ya raba su lafiya.

Maazou

Lyon, 15 ga Yuni 2014

Hassia,

Assalamu alaikum. Barkanmu da arziki, barka da gajiyar taro. Yaya mai jego, yaya ɗan jaririnmu Issa? Na iso Lyon lafiya, André ya tarbe ni da tambayar ko na kawo masa nama. An wanke ƙaron kendama gaba ɗaya bisa umarnin Madame Anne, ƙwallon ya koma faɗuwa, mun ci gaba daga nan.

Ba mu samu zama ba ranar suna, kina cikin mata a gidanmu, mu kuma maza muna falon maƙwabta. Da kika raka ni tasha kin kalle ni kina son tambaya, ba ki yi ba. Ga abin da ya faru.

Na zo ne hannun bai shirya ba, kin sani. Da Salifou ya kira ni ya kara tarho a bakin yaron na ji kukansa, sai na ga kaina ina tambayar lokacin jirgi. Ban yi wani dogon tunani ba. A jirgi na shirya dabara: zan ce likita ya hana ni gishiri, in zauna gefe da kofin shayi.

Aka yi addu'a, aka raɗa suna, aka shigo da faranti. Shinkafa ce da naman rago, kin fi ni sani. Aka zagaya da ruwan wanke hannu, aka fara da ni. Sai na ga hannun dama na miƙa, ban san lokacin da na yi ba. Da na wanke kuwa maganar gishiri ta wuce. Liman ya ce Malam Maazou bismillah.

Na sa hannu. Lomar farko ta watse a kan babbar rigata, wadda kika sa aka wanke aka buga. Na ga Salifou ya motsa zai tashi, na san inda za shi. Mahaifinsa ya dafa masa gwiwa, ya koma ya zauna. Na sake sa hannu, na tara kaɗan, na sunkuyar da kai na tarbi hannun a hanya. Rabi ya shiga baki, rabi ya bi ɗan'uwansa. Liman ya sa hannu, sauran suka sa, wani ya tayar da maganar ƙwallon ƙafa, aka shiga gardama.

Na ci gaba a haka. Sai can na lura da wani abu. Kin san samarin nan abokan Salifou, 'yan jami'a, waɗanda faranti ba ya daɗewa a gabansu. Farantin nan bai ragu ba. Kowa yana ɗaukar 'yar loma kamar mai jinya, ya tauna, ya yi magana, ya sha ruwa. Salifou ya riƙe tsoka ɗaya yana ta juya ta. Ba wanda ya dube ni, ba wanda ya turo mini nama gabana, ba wanda ya tsame hannu. Sun daidaita cinsu da nawa, ba tare da sun yi shawara ba. Shinkafar ta huce a gabanmu suna ta musu a kan wasan da na tabbata rabinsu ba su kalla ba.

Da hannun ya gaji, na ce alhamdu lillahi na janye. Duk suka ce alhamdu lillahi suka janye tare da ni. Farantin ya koma da fiye da rabi. Na ji wata a ƙofa tana tambaya ko gishiri ne ya yi yawa. Ki gaya wa masu girki abincinsu ba shi da laifi.

Wata uku ina tsoron idon mutane, ban taɓa kawo wa raina abin da za su yi da nasu hannuwan ba. Hannun yana nan yadda kika gan shi, babban yatsa har yanzu yana gardama. Amma yau da rana a babban ɗakin abinci na ci, tare da André da sauran.

Ina da roƙo ɗaya. Ranar Lahadi mai zuwa kada ki zo Lyon. Ki dafa shinkafa mai yawa da nama, ki sa Salifou ya kira abokansa duka, ki ajiye musu faranti ki ja ƙofa. Yaran nan da yunwa suka tashi ranar sunan jikana.

Ki shafa mini kan Issa. Allah ya raya shi, ya ba mai jego lafiya, ya saka miki da alheri.

Mijinki,
Maazou